Mai Cindo a Hannun Hagu

Manyanku sun tuna shekarun da kawunku Lawal ba ya taka gidan nan, kuma na san abin da aka gaya muku: wai ni na hana shi auren matar da yake so. Ban taɓa musawa ba, don akwai gaskiya a ciki. Sai dai ba a gaya muku yadda aka yi ba, kuma waɗanda suka sani sun fara ƙarewa. Inna ta rasu, babanku ya rasu, Garba direban motar asibiti ma bara aka kai shi makwancinsa. Saboda haka ku ji daga bakina, tun ina da sauran ƙarfin jera zance.

Shekara ta biyu ce bayan an ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Kowa a Jibiya yana cikin ɗoki a lokacin. Masallatai sun cika, mata sun koma dogon hijabi, mutane suna kai ƙararraki gaban alƙali da ƙarfin gwiwa, har waɗanda da can suka haƙura. Amma kasuwar Lahadi ba ta canza ba. Manyan motoci suna shigowa daga Maraɗi da dabbobi, suna komawa da hatsi, babura suna ratsa daji da jarkokin mai, 'yan dako suna hawa saman kaya don su huta da kuɗin mota. Duk wanda ya faɗo, ko aka buge, ko wuta ta kama, wurinmu ake kawo shi. Ni ce nas a ɗakin gaggawa na ɗan asibitinmu. Muna da wani babban littafi mai baƙin bango da muke kira rajista, a ciki muke rubuta wanda aka kawo, da abin da ya same shi, da inda aka wuce da shi. Idan littafi ya cika sai a jefa shi sito, gara ta yi abin da ta ga dama.

Wata ƙungiyar agaji ce ta ba mu motar ɗaukar marasa lafiya, ta haɗa mana da kwamfuta da ɗan janareta. Motar kowa ya yi murna da ita. Kwamfutar kuwa ta yi sati biyu a lulluɓe da zani a ofishin Dakta Sabi'u, likitanmu, ba wanda ya yarda ya taɓa. Ni dai idona yana kanta, don kakanku marubucin wasiƙa ne a bakin kotu, kuma tun ina yarinya nake buga tafiretarsa idan ya tafi sallah. Ranar da Dakta ya gan ni ina leƙen maɓallan, sai ya yaye zanin.

"Binta, kin iya bugu?"

"Na iya na tafireta, Dakta."

"Ai shi ke nan. Wannan rumbu ne, amma na bayanai. Duk wanda aka kawo, ki zuba shi a ciki, kowane abu a gurbinsa. In kin zuba daidai, duk abin da kika tambaye ta za ta fiddo miki."

Ya nuna mini guraben: suna, gari, rana, wurin da abin ya faru, irin raunin, inda aka kai mutum. Ya ce doka ɗaya ce, abu ɗaya kalma ɗaya. Idan yau na rubuta "faɗuwa", kada gobe in rubuta "suɓucewa", don ita ba ta san 'yan uwan juna ne ba. Bayan wata biyu ya zo ya tsaya a bayana ya ce in tambaye ta waɗanda suka faɗo daga saman mota, a wace rana aka fi kawo su, kuma daga ina. Na buga, na danna. Kafin in ɗauke yatsana sun jeru a gabana, kusan duka ran Lahadi da yamma, kusan duka daga wata kwana guda, inda hanyar Katsina ta lanƙwasa. Abin da zai ci mini kwana uku ina buɗe shafi. Na tashi tsaye ina dariya kamar yarinya, na fita na jawo Garba direba da hannun riga don ya gani. Daga makon nan Garba ya koma ajiye mota kusa da wannan kwanar duk ranar kasuwa, kuma akwai mutanen da suke raye yau saboda haka.

Daga nan abin ya shiga raina. Na roƙi Dakta ya bar ni in kwaso tsofaffin rajistocin sito in zuba su su ma. Idan aiki ya lafa bayan azahar, Garba ya tayar mini da janareta, in zauna ina kakkaɓe ƙasar gara ina bugawa. A nan na ga abin da ya dame ni. Shafi bayan shafi, gurbin suna babu komai sai "ba a sani ba". Yawancinsu mutanen Nijar ne, sun tsallako neman abinci ba takarda a jikinsu, an kawo su a sume, an wuce da su Katsina ko an binne su. Amma wani tsohon ma'aikaci da ya riga ni yana da ɗabi'ar rubuta ɗan bayani a gefen shafi: tsagar Gobirawa, haƙorin gaba a karye, tabon ƙuna a wuya. Na ce wa Dakta ina son a ƙara mini gurbi guda, in sa masa suna "alama". Ya ƙara. Na yi watanni ina cika wannan gurbin, har na daina ganin abin da nake bugawa, hannuna ne kawai yake tafiya.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Hadiza. Daga wani ƙauye take kusa da Maraɗi. Mijinta Ummaru ɗan dako ne, ya taho Jibiya lodin raguna ranar kasuwar ƙarshe kafin Babbar Sallah, bai koma ba. Bayan sati biyu ta biyo sawu da 'yarta a goye. Ta zo asibitinmu ta ce Ummaru, aka duba, babu Ummaru. Ta je Katsina ta ce Ummaru, babu. Ta je wurin 'yan sanda, ta je gidan yari. Da kuɗin mota ya ƙare sai Inna ta ba ta ɗaki a gidanmu, ta kama suyar waina a ƙofar gida, tana kallon duk motar da ta wuce. Ta kai maganar kotu, alƙali ya yanka mata shekara huɗu na jira kamar yadda littafi ya ce. A cikin waɗannan shekarun matar Yaya Lawal ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku, kuma Hadiza ce ta riƙe su, wanka da wanki da kitso, ba wanda ya sa ta. Ina so ku san wannan game da kawunku: shekara uku yana ganinta safe da yamma, bai taɓa gaya mata kalmar da ba ta dace ba. Da shekarun suka cika, alƙali ya ce ta shiga takaba. Ba a neman mai takaba, amma kowa ya ga Yaya ya sake rufin ɗakinsa da sabon kwano, kowa ya ga Hadiza ta fara murmushi. Ni ma na fi kowa murna.

Saura wata ɗaya ta fita, ran wata Juma'a na je gaida Inna, na tarar Hadiza tana yanke wa 'yarta farce a tsakar gida. Idona na aikin asibiti ya sauka kan wani ɗan tabo a gefen ƙaramin yatsan yarinyar.

"Hadiza, me ya same ta a nan?"

"Cindo ne, Malama. Tun tana jinjira munka ɗaure shi da zare ya hita. Gadon ubanta ne. Shi nashi ba a cire ba, yana nan ga hannun hagu, har da ɗan farce."

Na ce Allah sarki, muka ci gaba da wata hirar. Sai da na kama hanyar gida kalmar ta dawo mini. Cindo. Na san na taɓa buga ta, don na tuna ranar da na tsaya ina shawarar ko in sa "yatsa shida" ko in sa "cindo", na zaɓi guda kamar yadda Dakta ya koya mini. Amma ko a kan wa na buga ta, ko a wace shekara, ban sani ba.

Washegari tun kafin lokacin aikina na isa asibiti. Babu wuta, Garba bai zo ba. Ni da kaina na ja igiyar janareta, sau huɗu, hijabina yana harɗe mini hannu. Na zauna, na shiga gurbin alama, na buga haruffa biyar. Mutum uku suka fito. Mace ɗaya, yaro ɗaya, sai na uku: namiji, ba a san suna ba, manoma sun tsince shi a bakin hanyar Katsina, da alama ya faɗo daga saman mota, rauni a kai, ba ya cikin hayyacinsa, cindo a hannun hagu, an wuce da shi Katsina da rai. Da rai. Na karanta wannan kalmar ta ƙarshe ban san sau nawa ba. Na kwafe ranar a tafin hannuna da biro, na fita da sauri zan tafi gidan Inna in yi wa Hadiza albishir. Na kai bakin ƙofar asibiti kafin sabon kwanon ɗakin Yaya ya faɗo mini a rai. Na tsaya cik. Sai na juya na nufi gida.

Babanku malamin firamare ne, amma ya yi karatun littattafan fiƙihu a zaure, kuma ba ya yar da tsohuwar kalanda, nannaɗe su yake yi ya ɗora saman kabad. Na gaya masa abin da na gani, muka sauko da su muka warware ta waccan shekarar. Ranar da ke tafin hannuna Lahadi ce, kwana huɗu kafin Babbar Sallah. Ya daɗe yana kallon kalandar.

"Malam, in yana raye fa?"

"In ya bayyana kafin a ɗaura mata wani auren ta tare, matarsa ce, ba wata magana. In kuwa sai bayan ta tare, to ta zama ta na biyun."

"Ke nan wata biyu ne tsakani, da sauran takaba da shirin biki."

"Wata biyu ne. Amma wannan hukuncin na waɗanda ba su sani ba ne, Binta. Ke kin sani, ko kin kusa sani."

Ya ce kada in gaya wa kowa tukuna, don mai yiwuwa mutumin ya mutu a Katsina tun a makon, in tayar da hankalin gida a banza. In fara zuwa in gani.

Ran Talata muka sami mara lafiyar da za a kai babban asibiti a Katsina, na ce ni zan raka. Da muka miƙa shi, na nufi ɗakin ajiye fayil da ranar da lambar takardar da muka turo shi da ita. Ma'aikacin ya yi ta ƙorafi, amma da yake na ba shi rana takamaimai, bai yi rabin awa ba ya fito da wani siririn fayil. Mutumin ya farfaɗo. Ya yi wata biyar a kwance. Bakinsa bai dawo ba, bai iya faɗin sunansa ko garinsu ba, ba wanda ya zo nemansa, aka sallame shi. Daga nan takarda ta ƙare. Na fito ina jin kamar an kai ni bakin rijiya an ƙwace guga. Garba ne ya ce in bar masa sauran. Ya je wurin masu gadi ya zauna ya ci goro da su, ya tambayi mafi tsufansu ko ya tuna wani bebe mai yatsa shida.

"Bebe? Ai ga shi can gidan burodin bayan asibiti. Mai gidan ne ya ɗauke shi, shi ke faskara masu itace."

Ban san lokacin da na fara sauri ba, Garba yana bina yana cewa in yi a hankali mutane suna kallo. A bayan gidan burodin akwai tulin itace, da wani dogon mutum baƙi ya juya mana baya, ya rungumo faskare zai kai bakin tanda. Yana jan ƙafar dama kaɗan. Akwai wani dogon tabo daga bayan kunnensa zuwa tsakar kai inda gashi bai sake fitowa ba. Na yi sallama, ya ɗan waigo ya gyaɗa kai ya ci gaba da tafiya. Sai na ce, ba da ƙarfi ba:

"Ummaru."

Itacen ya zube a ƙasa. Ya juyo gaba ɗaya yana kallona, bakinsa yana motsi ba abin da ke fita. Na ce, "Ummaru mijin Hadiza." Ya ɗaga hannu ya dafa ƙirjinsa, ya buga sau biyu, sau uku, kuma hannun hagu ne, ga ɗan yatsan nan a gefe har da farcensa. Ya durƙusa a kan faskaren yana wani irin kuka mara sauti. Garba, ƙaton mutum mai jikoki, ya juya ya fuskanci bango yana share ido da hularsa. Ni kuwa dariya nake yi da hawaye tare, ina ta cewa Alhamdu lillahi. Na haifi 'ya'ya bakwai, na je Makka, amma ban taɓa jin abin da na ji a bayan gidan burodin nan ba. Shekara kusan biyar ba wanda ya kira mutumin nan da sunansa.

Mai gidan burodin ya ce yana ji, yana ganewa, yana sallah, sai dai magana da ta ƙi, kuma wani lokaci yakan tsaya a bakin titi ya rasa inda zai nufa. Muka ce a ba mu kwana biyu. A hanyar dawowa murnata ta riƙa raguwa da kowace kwana da muka sha.

Ban je wurin Hadiza ba sai da na fara tara Inna da Yaya a ɗakin Inna, bayan la'asar. Na faɗa musu komai. Yaya yana zaune a bakin gado, ya sunkuyar da kai, yana murza hularsa. Inna ce ta fara magana.

"Wa ya sani bayan ke?"

"Malam, da Garba."

"To su yi shiru, ke ma ki yi shiru. Wata biyu ne. In ta tare, sai a je a ɗauko shi, mu riƙe shi har ya mutu, ba abin da zai rasa. Mi zai yi mata, Bintu? Mutumin da ba ya magana? Yarinyar nan ta sha wahalar da ta isa. Ga marayun ɗan'uwanki sun saba da ita."

Kada ku ga laifin kakarku. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma don tausayi ta faɗa. Na juya wurin Yaya, ina fatan shi zai sauƙaƙa mini. Ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Wa ya aike ki, Binta? Alƙali ya yanke, an bi littafi, an yi jiran da Allah ya ce. Wa ya ce ki je ki tono?"

"Ba wanda ya aike ni, Yaya. Amma na gan shi da idona. Na kira sunansa ya amsa."

"Ni ban ce ki yi ƙarya ba. Cewa aka yi ki jira."

"In na jira, ranar ɗaurin auren ina zaune a cikin mata ina guɗa, na san mijinta yana faskare a Katsina. Ba zan iya ba, Yaya. Kuma ba ni da ikon zaɓar mata. Ita ce mai miji."

Ya miƙe ya sa hularsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce in je in gaya mata, tunda na fi kowa tsoron Allah. Wannan ce maganar ƙarshe da ta haɗa mu har shekara shida.

Na sami Hadiza a ɗakinta tana tsince shinkafar waina. Na zauna a ƙasa kusa da ita na gaya mata. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Ta ajiye faifan a hankali, ta tambaye ni abu uku: yana cin abinci, yana tafiya da ƙafarsa, ya gane sunanta. Na ce e, duka ukun. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin Yaya ta cikin labule. Sannan ta ce:

"Gobe mu tahi in gan shi."

Haɗuwarsu ba zan iya ba ku labarinta duka ba, don na bar su na koma wurin mota. Na dai ga ya kama gefen mayafinta da hannu biyu ya ƙi saki, na ga ta ɗauko hannun 'yarsu ta ɗora a kan nasa tana nuna masa tabon. Bayan kwana uku muka tsaya gaban alƙali. Dakta ya fitar mini da bayanin a takarda, na kai tare da tsohuwar rajistar da fayil ɗin Katsina. Alƙalin, wani dattijo mai sanyin magana, ya jujjuya takardar ya tambaye ni ko na'urar ce ta gano shi. Na ce na'urar ta tuna ne kawai, mutum ne ya rubuta. Ya ce to shi ba zai karɓi shaidar na'ura ba, amma ga matar ta gane mijinta, ga mutum biyu daga ƙauyensu sun shaida shi ne, wannan ya isa. Ya ce takaba ta faɗi, aure yana nan. Ya kuma gaya wa Hadiza cewa idan zaman ya gagare ta saboda lalurar mijin, ƙofar kotu a buɗe take, tana da hakkin ta dawo. Ta ce ta ji. Ba ta taɓa dawowa ba.

Ranar da za su koma ƙauyensu na raka su tashar motocin Maraɗi. 'Ya'yan Yaya sun yi kuka har ƙaramar ta shiɗe, shi kuwa tun asuba ya bar gari, ya ce yana da awon hatsi a ƙauyen Riko. An ɗora kaskon wainarta da tabarmarta a saman mota, Ummaru ya riga ya shiga ya rungume 'yarsa. Na ja Hadiza gefe, don abin yana cina.

"Hadiza, na cuce ki?"

Ta dube ni ta ce:

"Malama, da kin yi shiru, da na ji daɗin duniya, ba ni ɓoye miki. Yayanki mutumin kirki ne. Amma duk ranar da na gane kin sani kika bar ni, da ban yafe miki ba har lahira. To kin ga, gara wannan."

Ta shiga mota. Ta zauna da shi shekara goma sha ɗaya kafin ya rasu, sun ƙara haihuwa biyu, kuma an ce daga baya yana iya faɗin sunanta da na 'ya'yan.

Labarin ya tsallaka iyaka kafin su kansu su isa gida. Cikin 'yan makonni mutane suka fara zuwa daga ƙauyukan Maraɗi, tsofaffi da mata da goyo, su zauna a barandar ofis suna jiran a tayar da janareta. Na daina tambayar suna da farko. Sai in ce, me ke jikinsa wanda ba kowa ke da shi ba? Wasu mun samo musu nasu da rai. Wasu kabari kawai muka iya nuna musu, su yi addu'a su koma da sanin inda ya kwanta, kuma na ga yadda wannan ma yake sauke wa mutum kaya. Da yawa ba mu sami komai ba. Duk wanda aka kawo ɗakin gaggawa ba suna kuwa, ban bari a wuce da shi sai na duba shi daga kai har tafin ƙafa na rubuta. Waɗannan su ne shekarun da na fi jin daɗin aikina. Su ne kuma shekarun da nake shiga gidanmu in gaida Inna, yayana ya tashi ya bar tsakar gidan. Ya yi aure bayan shekara biyu, ba a gaya mini ba sai a bakin maƙwabta. Na haifi Safiya da Aminu, aka yi sunansu bai zo ba. Idan na ce abin bai yi mini ciwo ba na yi ƙarya, don shi ya goya ni, shi ya fara kai ni makaranta a kan kekensa.

A shekara ta shida, wata Litinin da hantsi, ina bugu sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Yaya ne, ya yi furfura a gemu, tare da wani tsoho mai rawani da sanda. Bai gaishe ni ba.

"Binta, wannan abokin cinikina ne daga hayi, can Nijar. Ɗansa ya taho da shanu bara bai koma ba. Na ce masa ƙanwata ce ke wannan aikin."

Na jawo musu kujeru. Na tambayi tsohon alamomin ɗansa ɗaya bayan ɗaya, ina bugawa, Yaya ya matso da kujerarsa yana leƙen allon ta saman kafaɗata. Muka nema ta tsaga, muka nema ta tabo, muka nema ta wata da wuri. Ba mu same shi ba. Tsohon ya yi godiya, ya ce haka Allah ya so, na rubuta bayaninsa ko za a kawo wani mai kama da shi. Suka miƙe. Yaya ya raka baƙonsa har bakin titi ya sa shi a babur, ina kallonsu ta taga, na ɗauka shi ke nan. Sai ga shi ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula.

"Yaushe kike tashi?"

"Ƙarfe biyu, Yaya."

"To zan jira. Ban san 'ya'yanki biyu ba."

Ya zauna a barandar nan a kan bencin masu jira, awa uku cur, har na tashi. Muka taka zuwa gida tare, yana gaba ina biye.